Juyar da Lambar Lokaci zuwa Rubutu a Rumbun Bayanai

Kowane rumbun bayanai na kwamfuta tilas ne ya riƙe lokacin da abu ya auku. Wata hanya da ta yaɗu ƙwarai ita ce ta Unix, watau a ƙidaya sakan nawa suka shige tun daga farkon ranar 1 ga Janairu, 1970, bisa agogon UTC, wanda kusan ɗaya yake da agogon GMT da masu sauraron rediyo suka sani. Kwana guda kuwa sakan 86,400 ne.

To, na'ura ta gamsu da lamba, amma mutum sai an rubuta masa rana da wata da shekara. Don haka aka tanadi umurnin juyawa: a MySQL akwai FROM_UNIXTIME, a PostgreSQL kuwa to_timestamp da to_char.

Abin lura shi ne, lambar ba ta faɗin gari, ba ta faɗin harshe. Ga misali 1,000,000,000. A agogon UTC ta faɗo ran Lahadi, 9 ga Satumba, 2001, ƙarfe 1:46 na dare. A Kano da Yamai ƙarfe 2:46 ne. A New York kuwa ana ran Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 9:46 na dare. Lamba ɗaya ke nan, kwanan wata biyu.

Sa'an nan akwai jerin rubutu. In aka rubuta 03/04, mutumin Ingila 3 ga Afrilu zai karanta, mutumin Amurka kuwa 4 ga Maris. Maganin wannan shi ne ƙa'idar ISO 8601 ta 1988, wadda ta sa shekara gaba, sai wata, sai rana: 2001-09-09.

Hausa ma tana da tata matsalar. A lissafinmu na asali dare shi ke gaba da yini, shi ya sa "daren Jumma'a" ke nufin daren da zai waye Jumma'a. Na'ura kuwa sai ƙarfe 12 na dare take sake rana. Wanda ya sa ta rubuta "daren Asabar" ga wancan lokaci na New York, lalle ya ɓad da mai karatu da kwana guda.

Saboda haka, a bar lambar a ajiye yadda take. Kada a juya ta sai an zo nuna wa mutum, a kuma ambaci agogon da aka bi.