Liyafar Aure A Sabon Gari: Ƙarar Lasifika Ba Ita Ce Armashin Biki Ba

Duk wanda ya bi ta France Road ko Court Road ranar Asabar da rana, da wuya ya wuce bai ji kiɗan biki ba. Mata sun sha ankon da aka yanko a Kantin Kwari, an kafa rumfuna, janareto yana ta ruri. Amma jama'a masu karatu, sau nawa muka ga gida biyu sun kashe kuɗi kusan ɗaya, liyafar ɗaya ana zancenta har watanni, ta ɗayan kuwa kafin ƙarfe huɗu kujeru sun zama wayam? Sau da yawa bambancin yana wajen yadda aka jera kiɗa, jawabi da abinci.

Sai mu fara tuna waɗanda ke zaune a ƙarƙashin rumfar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayan haka kaɗan aka keɓe Sabon Gari domin baƙin da suka biyo shi. Har wa yau a liyafa guda za ka tarar da Ibo da Yarabawa, da mutanen Kafanchan, Biliri da Numan, da dangi daga ƙauyukan Sumaila ko Tudun Wada, ga kuma maƙwabta Musulmi daga Fagge da suka zo taya murna. Kowane kunne da kiɗan da ke tashe shi, kowa kuma da nisan gidansa.

Na taɓa zama a wata liyafa da har yanzu nake tunawa da baƙin ciki. An fito daga sujada ƙarfe ɗaya, ango da amarya suka tafi ɗaukar hoto sai uku da rabi. Mai sa kiɗa ya ƙure lasifika tun mutane ba su zauna ba, tsofaffi suka kasa ko gaisawa. Aka kira manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, shugaban taro ya riƙe makirufo kamar wa'azi na biyu. Kafin a buɗe kulolin shinkafa, dangin amarya da suka yi shatar mota daga ƙauye sun tashi don kada dare ya yi musu a hanya. Da yunwa suka tafi, ba su ko yi rawa da 'yarsu ba. Shekara ta zagayo surukan nan ba sa ga maciji.

To, yaya ya kamata a yi? Kiɗan liyafa hawa ne, mataki bayan mataki. Lokacin da baƙi ke shigowa, a sa sautin fiyano a hankali, ko karin waƙoƙin da muka sani daga Littafin Waƙoƙi, yadda mutum zai ji gaisuwar na kusa da shi. A raba ruwa da abinci cikin awar farko, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya. Shigowar ango da amarya ita ce tashin farko, nan ne kuma Zumuntar Mata suka fi kowa. Da tulu, caki da ganga, mace ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa, nan da nan taro duka ya shiga amshi. Ko an ɗauke wuta, su ba ruwansu.

Jawabi kuwa, kada a jera biyu ba tare da waƙa a tsakani ba, kowane mai magana kuma a faɗa masa tun kafin ranar cewa minti biyar gare shi. Bayan yanka kek sai a ba kowane ɓangare filinsa. Hailaif irin na Osita Osadebe yana tayar da dattawan Ibo, juju na Ebenezer Obey yana fito da Yarabawa, kalangu da kiɗan ƙwarya irin na marigayiya Barmani Choge suna kiran matan Hausawa. Waƙar nan "Sweet Mother" ta Prince Nico Mbarga, wadda ta fito a 1976, har yanzu ita akan sa idan iyaye mata za su fito. Kiɗan matasa mai zafi shi ne na ƙarshe. Iyalai su zauna da mai sa kiɗa mako guda kafin biki, su cire waƙoƙin batsa da na habaici, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Liƙi ma yana cin lokaci, ana tsayar da rawa ana tsintar kuɗi a ƙasa. Ban da haka, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙa naira ko tattaka ta, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. A ajiye kwano ko a miƙa ambulan, rawa ta ci gaba.

Mai gabatarwa kuma ya riƙa duba agogo. Idan an kira sallar La'asar a masallacin da ke kusa, a rage sauti, a ba maƙwabtanmu dama su je su dawo. Lokacin ya dace da rabon abin sha. A yi ƙoƙari a rufe da addu'a kafin Magariba. An hana acaba ɗaukar fasinja a birnin Kano tun 2013, mai zuwa nesa sai ya nemi adaidaita sahu ko bas da sauran haske.

A bikin Kana ta Galili, cikin Yohanna sura 2, abin da ya ba uban biki mamaki shi ne mafi kyau ya zo daga baya. Haka ya kamata liyafarmu ta zama: mutane su watse a ƙoshe, suna cewa da ma an ƙara waƙa ɗaya. Allah ya ba angwaye da amarenmu zaman lafiya. Amin.