Resident Evil 2: Abubuwa tara masu ban mamaki game da tsohon wasan ban tsoro

A gidajen gem na garuruwanmu, daga Birnin Gwari zuwa Kaduna da Zariya, ƙwallo ce ke ci, kowa ya biya ya zaɓi kulob ɗinsa. Amma waɗanda suka riski PlayStation ta farko sun san wani faifai da ba kowa ke yarda ya kunna shi kaɗai da daddare ba. Resident Evil 2 ke nan, wanda kamfanin Capcom na birnin Osaka a Japan ya fitar a Janairun 1998. Ɗan sanda Leon Kennedy da ɗaliba Claire Redfield ne suka faɗa Raccoon City, garin da wata cuta ta mai da mutanensa gawarwaki masu yawo.

1. An gina, an rushe. Aikin farko ya wuce rabi lokacin da furodusa Shinji Mikami ya ga bai yi armashi ba, aka watsar, darakta Hideki Kamiya ya koma tushe. Jarumar wancan aikin ita ce Elza Walker, mai tseren babur. Masoya suka laƙaba masa "Resident Evil 1.5", kuma a 2013 wani kwafinsa da ba a ƙarasa ba ya ɓulla a intanet.

2. Faifai biyu, tafiya huɗu. Leon da nasa faifan, Claire da nata. In ka gama da ɗaya, sai ka sake bin daren ta idon ɗayan. Akwai wata ma'ajiya mai ɗauke da bindiga da jakar ƙarin kaya. In na farko ya yi haɗama ya kwashe duka, na biyu zai iske wayam.

3. Adana wasa ma ba kyauta ba ce. Sai ka nemo keken buga rubutu, kuma kana riƙe da ƙyallen tawada. Kowace adanawa tana cin guda. Haka harsashi, haka ganyen magani: kore na warkar da rauni, shuɗi na karya dafi, ja na ƙara wa kore ƙarfi. Wanda ya harbi duk abin da ya motsa, a ƙarshe wuƙa kaɗai za ta rage masa.

4. Awara ma jaruma ce. Wanda ya ƙware ƙwarai yana buɗe wani ɓoyayyen mataki inda zai buga da ƙaton yankan awara, fari fat, sanye da hula, riƙe da wuƙa. Tofu ake ce masa. Asalinsa wani dunƙule ne da masu haɗa wasan ke gwada karo da duka da shi, suka ga ya ba su dariya, suka bar shi.

5. Ɓeraye ne 'yan aike. A labarin, ƙwayar cutar kamfanin Umbrella ta zube a magudanar ƙarƙashin gari, ɓeraye suka yaɗa ta. Cutar ƙirƙira ce, amma hanyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci.

6. Mai naci ya dace. A ofishin 'yan sanda akwai teburin wani jami'i mai suna Albert Wesker. In ka duba, ba komai. Sai ka bincika sau 50 kafin fim ɗin hoto ya fito, ka wanke shi a ɗakin duhu ka ga wata jami'a, Rebecca Chambers, cikin kayan ƙwallon kwando.

7. Ƙofar nan dabara ce. Duk shiga ɗaki, allo yana yin baƙi, ƙofa ta buɗe a hankali tana ƙara. A daidai lokacin na'urar ke karanto ɗaki na gaba daga faifai. Sun ɓoye jinkirin na'ura, suka sayar mana da shi a matsayin fargaba.

8. Giwa a cikin akurki. A 1999 kamfanin Angel Studios ya matse faifan biyu, har da bidiyo da muryoyi, cikin katirij ɗin Nintendo 64 mai megabait 64 kacal. Wannan kamfani ne daga baya ya zama Rockstar San Diego, masu Red Dead Redemption. Tallar wasan ta talabijin a Japan kuwa, George Romero ne ya shirya ta, mai fim ɗin Night of the Living Dead na 1968.

9. Dawowar 2019. A ranar 25 ga Janairun 2019 Capcom ya sake gina wasan daga tushe. Kyamara ta koma bayan kafaɗar ɗan wasa, wani dodo mai doguwar riga, Mr. X, ya riƙa bin mutum ɗaki-ɗaki, ana jin takunsa ta bayan bango. Na 1998 ya sayar da kwafi kusan miliyan biyar a PlayStation, sabon ya haura miliyan goma. An sauya hoto da sauti, amma ba a yalwata harsashi ba, kuma a mataki mafi tsanani an dawo da ƙyallen tawada. Capcom ya san cewa lissafin abin da ya rage a jaka ya fi kowane dodo tayar wa ɗan wasa hankali.