Tanki Biyu, Allura Ɗaya: Gano Cutar Ma'aunin Mai

Daga shekarun 1980 zuwa tsakiyar na 1990, kamfanin Ford na Amurka ya ƙera a-kori-kura masu yawa, irin su F-150 da F-250, waɗanda ke da tankin mai biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya. Allurar da ke nuna wa direba yawan mai kuwa guda ce tak. Da maɓalli yake zaɓen tankin da injin zai sha, ita kuma allura ta koma ba da labarin wannan tankin. Yau da motocin suka tsufa, allurar kan yi ƙarya, har mai ya yanke wa mutum a dokar daji alhali tana cewa tanki cike yake.

A cikin kowane tanki akwai wata 'yar ƙwallo mai iska a ciki, galibi ta tagulla, da ke yawo a saman mai. An haɗa ta da siririn hannu wanda ke goga wani zirin ƙarfe mai turje wa wutar lantarki. Hawa da saukar ƙwallon su ke sauya ƙarfin turjiyar, wadda ake aunawa da om. Ashe ke nan allura ba ta taɓa ganin mai ba. Saƙon waya kawai take fassarawa, kamar yadda ƙwaƙwalwa ba ta taɓa wuta ba, sai abin da jijiya ta kawo mata.

A nan ne tanki biyu ke zama alheri. Likita idan yana neman inda jijiya ta sami matsala, yakan gwada dama da hagu ya kwatanta. To, haka mai mota zai yi kafin ya kwance ko da noti ɗaya: ya juya maɓalli daga wannan tanki zuwa wancan. In allura ta yi gaskiya a ɗaya ta yi ƙarya a ɗaya, ita lafiyarta ƙalau. Cutar tana cikin tankin da ya yi ƙarya, ko a wayarsa. In kuwa duka biyun ta yi ƙarya iri ɗaya, sai a duba abin da suka yi tarayya a kai, wato maɓalli, da wayar da ta taso daga gare shi, da ita kanta allurar. Da wuya ƙwallo biyu su mutu rana guda. A ganina, sauke tanki kafin wannan gwaji ɓarnar kuɗi ce kurum.

Bayan haka sai a sa mita. Amma a kula da shekarar mota, domin Ford ya juya tsarinsa. A tsofaffin, kimanin om 73 na nufin tanki wayam, om 10 kuma cike. Daga wajen 1987 sai ya zama om 16 wayam, 158 cike. Saboda haka waya ta tsinke, ko tsatsa ta ci mahaɗarta da jikin mota, tsohuwar za ta kwantar da allura a ƙasa, sabuwar kuwa ta tura ta har ta zarce alamar cika. Cuta ɗaya, alamu biyu masu kishiyantar juna.

Ita ma ƙwallon takan huje, mai ya shige ta, ta nutse; daga nan allura ba za ta sake tashi ba ko an cika tanki maƙil. In an ciro ta aka girgiza, za a ji motsin mai. Sai dai a cire kan batir tukuna, a kuma yi aikin a sarari, nesa da taba da tartsatsi, don tururin fetur ya fi ruwansa saurin kamawa.

Wani lokaci kuma allura gaskiya take faɗa. In bawul ɗin da ke raba tankunan ya lalace, man da ke dawowa daga injin kan zube a tankin da ba a zaɓa ba, sai a ga ɗaya yana ƙarewa da wuri, ɗayan yana ƙaruwa har ya yi ambaliya ta bakinsa.