Tsohon ɗan ƙwaya a matsayin jagoran mai son dainawa

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa. Ba a jima ba aka fasa wani a Daura. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye. An rufe gidajen marin, amma abin da ya sa uba ya ɗaure ɗansa yana nan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda, kusan miliyan 3 kuma ta riga ta kama su. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa da Kware da Dawanau ba za su ɗauke wannan jama'a ba, ko da iyaye na da kuɗin gado.

A wannan giɓin ne tsofaffin mashaya suka fara samun gurbi: wanda ya daina ya riƙe hannun mai son dainawa. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1935, a garin Akron na Amurka, Bill Wilson ya ji ƙishin giya ya taso masa bayan ya yi watanni bai sha ba. Maimakon ya shiga gidan giya, sai ya nemi wani mashayin da zai yi wa magana, aka haɗa shi da likita Bob Smith. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. Abin lura a labarin shi ne Wilson kansa ya je ceto. Mai jan wani yakan ƙara kafuwa, don yana jin kunyar ya koma ruwa alhali wani na kallonsa.

A ganina, dalilin da ya sa abin ke tasiri a wurinmu ya fi wannan sauƙi. Shaye-shaye a nan harkar majalisa ce. A dandali ake koya, aboki ke miƙo tiramol ɗin farko, a cikin lemo ake zuba kodin a zagaya da shi. Yaron da aka sallamo daga asibiti jininsa ya wanku, amma ƙarfe huɗu na yamma bai san inda zai zauna ba. Gida ana masa kallon ɓarawo, majalisa kuwa ana masa maraba. Malam zai yi nasiha, likita zai ba shi ranar dawowa, amma tsohon mashayi ne kaɗai zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Kuma ba a yi masa ƙarya. Idan yaro ya ce mura ce ta sa idonsa ja, shi ma ya taɓa faɗin haka.

Sai dai akwai inda jagoran bai isa ba, kuma nan ne nake jin tsoro. Mai shan giya ko diyazefam da yawa, idan ya yanke lokaci guda, jijjiga na iya kama shi har ta kai ga rasa rai. Wanda ya yi watanni bai sha kodin ko tiramol ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, ranar da ya koma ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa. Waɗannan aikin likita ne. Haɗarin shi ne hukuma da iyaye su ga hanya mai arha, su jibga wa matashin da ko shekara bai cika da dainawa ba nauyin yara goma, ba horo, ba albashi, ba wanda ke tambayar lafiyarsa. Idan ya faɗi, ba shi kaɗai zai faɗi ba.

Sannan ga mata. Binciken nan ya ce cikin kowane mashaya huɗu ɗaya mace ce. An hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun watan Mayun 2018, amma hani bai warkar da matar auren da ta saba sha a ƙuryar ɗaki ba. Ita jagora mace take buƙata. Wadda kuwa ta daina, in ta fito ta ce ta taɓa sha, aurenta ko na ƙannenta ta sa a caca, don haka yawancinsu shiru suke yi.