Turancin da ke Jikin Buhun Taki

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikinmu suna marmarin jin Turanci, amma sai su ce ba littafi, ba malami, ga shi girma ya zo. To, littafin yana nan cikin ɗakin ajiyarku, kun ma riga kun biya kuɗinsa. Shi ne buhun taki, da takardar da ke manne a jikin kwalbar magani.

Tun 1975, sa'ad da aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da ingantaccen iri da maganin feshi suka yawaita a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Amma galibin kayan nan da Turanci ake rubuta bayaninsu. Wanda bai iya karantawa ba, sai abin da mai kanti ya gaya masa.

Ga yadda ƙungiya za ta yi. Ranar taro, bayan an gama maganar kuɗi, a keɓe minti ashirin. A rataye buhun taki wanda ba kome a ciki, wani ya nuna kalma da sanda, sauran su faɗa. A fara da "net weight 50 kg", watau nauyin abin da ke ciki kilo hamsin ne. Sa'an nan a zo kan NPK 15-15-15: kowane sinadari daga cikin ukun kashi 15 ne cikin ɗari. Harafin N shi ne "nitrogen", abin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. A buhun NPK kilo bakwai da rabi ne, amma a buhun yuriya, mai lamba 46, kilo 23 ne. Kun ga an koyi Turanci, an kuma san abin da ake saya.

Maganin feshi ya fi bukatar natsuwa, gama a nan ne hasara take. "Herbicide" maganin ciyawa ne, "insecticide" na ƙwari. In an rubuta "non-selective", kamar a kan glyphosate, maganin ba ya zaɓe. Zai kashe ciyawa, ya kashe masara da auduga duk da ya taɓa. "Pre-emergence" kuwa ana fesa shi ne kafin ciyawa ta tsiro. A haɗa da "expiry date", ranar da magani ke daina aiki, da "poison", watau dafi. Kada fa a kawo kwalbar wurin taro ana miƙa ta hannu hannu. A kwafe rubutun a allo, ko a ɗauki hotonsa da waya.

Kalma biyar a mako ta isa. Mai gaggawa ya kan haddace talatin, Lahadi ta zagayo bai riƙe ko uku ba.

In an saba, sai a yi wasan kasuwa. Mutum ɗaya ya zama mai kanti, ɗaya mai saye, a yi ciniki da Turanci daga gaisuwa har biya: "How much is one bag?" Za a yi dariya, ba laifi. Mata ma su yi nasu a taron zumunta, da cinikin waken soya ko man gyaɗa. 'Yan makaranta su zama alƙalai masu gyara lafazi. Wasu dattawa ba sa son yaro ya gyara musu magana. A ganinmu gara gyaran jika a tsakar gida da kuskure a gona.

Magatakarda kuma ya raba shafin littafin ƙungiya biyu, Hausa a hagu, Turanci a dama: ranar shuka, buhu nawa aka zuba, buhu nawa aka samu. Ranar da za a cika takardar neman rance a banki, kalmomin ba za su zama baƙi ba. Mai rediyo ya saurari labarai da Hausa tukuna, sa'an nan ya kama na Turanci a ranar. Da yake ya riga ya san zancen, kunnensa zai tsinci kalmomi.

Kalmar da ta gagari kowa, a rubuta ta a ajiye wa malamin gona.