Matra MS80: sirrin motar tsere yana wurin da aka ɗora nauyi

A shekarar 1969 kamfanin Matra na Faransa ya fito da MS80, motar tsere mai kujera ɗaya ta gasar Formule 1. Injinta Ford Cosworth V8 mai lita 3 yana bayan direba, tankunan mai kuma suna gefensa dama da hagu, ƙasa-ƙasa a tsakiyar mota. Da haka, ko mai ya ragu, motar ba ta rasa daidaito, ba ta kuma rinjaya a kwana.

Da ita Jackie Stewart ɗan Sikotlan ya ci tsere biyar: Sifen, Holan, Faransa, Birtaniya da Italiya. A Monza, da daƙiƙa 0,08 kacal ya riga Jochen Rindt. A ƙarshen shekara shi da Matra suka ɗauki kambun duniya.

Wannan ƙa'ida ta shafi direbobin tashar Matameye masu zuwa Damagaram ko Ɗan Barto. Buhunan da aka jibga bisa rufin mota suna ɗaga nauyinta sama, kwana ɗaya da gudu na iya kifar da ita da fasinjojinta. Kaya mai nauyi, ƙasa ne wurinsa, a tsakiya.