Tsoro da Tsada: Yadda Amurkawa ke Jibge Harsasai a Gida

A farkon shekarar 2013, a garuruwa da dama na Amurka, akwai mutanen da suka haddace ranar da motar kaya ke isowa kantin Walmart na unguwarsu. Tun da asuba za su ja layi a sashen kayan farauta, su zuba wa ma'aikaci ido har ya farke katan. Harsashi suke jira, musamman ɗan ƙaramin nan mai lamba .22, wanda ake harbin zomo da kurege da shi, ake kuma koya wa yara saiti. Kamfanin ya ƙayyade kwali uku ga mutum ɗaya a rana, amma kafin hantsi kanta ta koma wayam. Wasu su kai gida su adana, wasu su kai kasuwar baje kolin bindigogi ta ƙarshen mako su sayar ninki biyu ko uku.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda mallakar bindiga sai da lasisi, zai yi mamakin yadda harsashi ya zama kayan kanti. A Amurka kundin tsarin mulki ne ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janiba ta ƙiyasta a 2018 cewa bindigogi miliyan 393 ne a hannun fararen hula a ƙasar, wato sun fi mutanenta yawa. Dokar tarayya ta ce mai shago kada ya sayar da harsashin doguwar bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba, na ƙaramar bindiga kuma sai mai 21. Ba ta ƙayyade yawan da mutum zai saya ba, kuma a mafi yawan jihohi ba a rubuta sunan mai saye. Mai kuɗi na iya yin odar katan mai harsashi dubu ta intanet a kawo masa har ƙofar gida.

Sau uku cikin shekaru goma sha biyu kasuwar ta ƙafe, kuma kowane karo tsoro ne ya fara. Na farko ya biyo bayan zaɓen Barack Obama a Nuwamban 2008, lokacin da masu bindiga suka ɗauka sabuwar gwamnati za ta tsaurara doka. Na biyu ya fi muni. Ranar 14 ga Disamban 2012 wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20 da manya shida. Ƙasa na cikin makoki, majalisa ta fara maganar sabbin dokoki, sai jama'a suka ruga shaguna don su riga doka. Dokar ba ta ma wuce majalisar dattawa ba, amma harsashin .22 ya yi shekaru bai wadata ba. A tsakiyar haka jita-jita ta bazu cewa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ce ke kwashe harsasai don ta hana talakawa samu. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya bi diddigi, ya fitar da rahoto a 2014 cewa sayayyar ma'aikatar raguwa ma ta yi a shekarun. Rahoton bai kashe maganar ba.

Sai 2020, shekarar da komai ya haɗu. Korona ta rufe gari a watan Maris, kisan George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayu ya tayar da zanga-zanga a birane, ga zaɓe mai zafi a Nuwamba. Hukumar FBI ta yi binciken tantance masu neman bindiga sau miliyan 39.7 a shekarar, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba. Ƙungiyar masu ƙera makamai ta NSSF ta ce mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a rayuwarsu. Harsashin 9mm, wanda aka fi sa wa ƙaramar bindiga, ana sayar da ƙwaya ɗaya wajen santi 20 kafin annoba. A farkon 2021 ya haura santi 60, in ma an same shi.

Zargi ya yi wa kamfanoni yawa har Jason Vanderbrink, shugaban kamfanonin harsashi na Federal da CCI da Speer, ya fito a bidiyo a Disamban 2020 yana kare kansa. Lissafin da ya yi mai sauƙi ne: sabbin masu bindiga miliyan bakwai a ƙiyasinsa na lokacin, kowa ya sayi kwali biyu masu ƙwaya hamsin-hamsin, an tashi da harsashi miliyan 700 da babu wanda ya shirya musu. Uwar kamfanonin a lokacin, Vista Outdoor, ta sanar cewa odar da ke jiran ta ta wuce ta dala biliyan ɗaya.

Amma sabbin masu saye rabin labarin ne. Sauran rabin tsofaffin hannu ne. Wanda ya saba sayen kwali ɗaya duk wata, da ya ga kanta babu komai, ranar da ya samu sai ya kwashi goma. Na bayansa ya tarar babu, shi ma ya ƙudura haka. Duk wanda ya taɓa ganin layin fetur ya san abin: ana jin raɗe-raɗin ƙarin farashi kowa ya fito da jarka, 'yan bumburutu su cika titi, man da zai ishi gari mako guda ya ƙare a wuni. Rashin da ake gudu, gudun ne ke haifar da shi.

To me ya hana masana'antu su ƙara aiki kawai? Sun ƙara, har dare da rana, sai dai harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, albarushi, ƙwayar darma da ke fita, da ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga ke bugawa ya tayar da wuta. Wannan ƙyastu, da bai kai ƙwayar wake ba, shi ne ya fi wuya. Sinadarinsa na fashewa da ƙaramin bugu, ana haɗa shi a jiƙe cikin tsananin kiyayewa, kuma a lokacin manyan masu yin sa a Amurka huɗu ne kacal: Federal, CCI, Remington da Winchester. Masu cika harsashi da kansu a gida, waɗanda ke tsince kwanson da aka harba su sake ɗura masa albarushi, sun wayi gari da komai a hannu ban da shi.

Kuma kamfanonin sun taɓa shan asara. Bayan Donald Trump ya ci zaɓe a 2016 tsoron doka ya kwanta, ciniki ya faɗi, Federal ta sallami ma'aikata a masana'antarta ta Anoka a jihar Minnesota. Remington, mai tarihi tun 1816, ta durƙushe a 2018, ta sake durƙushewa a Yulin 2020, daidai lokacin da aka fi bukatar kayanta. Wanda ya ga haka ba zai zuba miliyoyi a sabon gini don cinikin da zai iya mutuwa bayan zaɓe ɗaya ba.

Daga waje ma an sami matsi. A Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta sanar da daina ba da izinin shigo da harsasan Rasha, cikin takunkumin da ya biyo bayan sa wa Alexei Navalny guba, alhali su ne masu araha da talaka ke atisaye da su. Yaƙin Yukiren daga 2022 ya sa sojoji na wawason sinadarin albarushi, sannan a Disamban 2024 China ta hana sayar wa Amurka ma'adinin antimoni, wanda ake ƙarfafa darma da shi.

Masu jibgewa suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Harsashi ba ya lalacewa da wuri. In an sa shi a gwangwanin ƙarfe irin na soja mai roba a murfi, aka jefa 'yar jakar tsotse danshi, aka ajiye a wuri mai sanyi, yana iya kai shekaru gommai. Mai wasan harbi na iya ƙarar da ƙwaya ɗari biyu a yini guda. A wurinsa, saye da araha a tara da yawa tattali ne kawai. Akwai ma wanda ya amfana ba zato: bisa dokar Pittman-Robertson ta 1937, kuɗin harajin kashi 11 cikin 100 da ke kan harsashi na tafiya kula da namun daji, kuma rububin ya cika wa hukumomin gandun daji asusu.

Waɗanda suka sha wuya su ne masu ƙaramar bukata. Mafarauci a ƙauyen Alaska, wanda naman da iyalinsa za su ci duk hunturu ya dogara da kwali ɗaya ko biyu, ya rasa. Ofisoshin 'yan sanda sun yi watanni suna jiran oda, wasu suka rage atisaye. Miliyoyin sabbin masu bindiga kuwa sun kai makami gida ba su sami abin koyon sarrafa shi ba, wanda hatsari ne gare su da 'ya'yansu.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙofar da ta buɗe wa mai tattali ita ce ta buɗe wa mai mugun nufi. Wanda ya kashe mutum 12 a gidan sinima na Aurora a 2012 ya sayi harsashi sama da 6,000 ta intanet ba wanda ya tambaye shi. Maharin Las Vegas na 2017 ya harba sama da 1,000 cikin kimanin minti goma. Yaron da ya kashe ɗalibai 19 da malamai biyu a Uvalde a 2022 ya tara fiye da 1,600 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 18. Kalifoniya ta fara tantance mai sayen harsashi a 2019, jihar Niyok ta bi sahu a 2023, dokar Kalifoniyar kuma tun ranar take yawo a kotuna. A mafi yawan sauran jihohi, har yau babu hukumar da za ta iya faɗin harsashi nawa ke ajiye a gidan kowa.